Korar Ya'u Daga Ƙasar Tailan

Idan ana lissafin manyan mutanen da ƙasar Kurfi ta haifa, sai a fara da Alhaji Sodangi, a kuma tsaya a kansa, domin shi ma haka yake yin lissafin. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar shugabanci tun yana goye, sai dai an yi rashin sa'a ba a haɗa masa da mutanen da zai shugabanta ba. Yana saurayi ya je shiga soja, aka auna tsawonsa aka ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Ya nemi kansila, akwatin zaɓen ƙofar gidansu ma ya juya masa baya. Daga nan ya rungumi sana'ar sayar da buhunan da aka juye a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, inda duk wanda ya sayi buhu ɗaya ake yi masa gyara da bayanin yadda ya kamata a mulki duniya.

A jikin buhun nan ya haɗu da ƙasar Tailan. Shekara da shekaru yana karkaɗe buhunan shinkafa 'yar waje, yana ninke su, yana kallon hoton giwa da wani rubutu mai kama da sawun kaji. A hankali ya zama masanin ƙasar. In ana gardamar siyasar duniya a rumfa sai ya gyara hula ya ce, "Mu da muka san Tailan," kowa ya yi shiru, saboda babu wanda ya san ta balle ya ƙaryata shi.

Wata bazara, bayan ya gaji da ganin waɗanda ba su kai shi ba suna yin suna a wayoyin mutane, sai ya yanke shawarar yin fim. Labarin ma shi ya ƙaga. Wai yaƙi ya ɓarke, maƙwabta sun yi wa Tailan zobe, 'yan siyasa sun rasa abin yi, sai wani janar mai kishin ƙasa ya ƙwace mulki ya ɗora al'umma a kan hanya. Yaƙi ne da ba a taɓa yi ba, a ƙarƙashin janar ɗin da ba a taɓa haifa ba. Da aka zo zaɓen wanda zai fito a janar, Alhaji ya yi adalci ƙwarai. Ya duba Kurfi, ya duba Dutsin-Ma, ya leƙa har Birchi da Rawayau, bai ga wanda ya dace ba sai shi.

Aka ɗauko Munzali mai ɗaukar bidiyon biki, magidanci mai haƙuri wanda ya saba da 'yan uwan ango. Aka sanar da mai unguwa, kada mutane su hangi kaki da bindigar katako su watse daji. Gonar Alhaji ta gado da ke gefen Wurma, wadda a lokacin babu komai cikinta sai kututturen dawa, ita aka mai da ƙasar Tailan, aka kafa mata tuta da buhu. Sojoji kuwa ba su yi wuya ba, manoma ne da rani ya zaunar, da suka ji za a riƙa dafa shinkafa kullum da rana sai kishin ƙasa ya motsa musu. Tela ya ɗinka wa Alhaji kaki, aka jera masa murafun kwalba a ƙirji har sai da gaban rigar ya rinjayi bayanta. Sunan sarautarsa shi ne Janar Sodangi, Uban Ƙasa, Inuwar Talakawa. A bayan idonsa ana cewa Janar Buhu.

Saura giwaye. Tailan ba giwa ai ba Tailan ba ce, kowa ya ga buhu ya san haka. Nan ne maganar ta biyo ta kan Ya'u.

Ya'u manomi ne a Wurma, mai shanun huɗa biyu, Fari da Ɗan Ja, kuma shi yake auren Murja, 'yar Janar ta fari. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa kallon ƙwayar idon surukinsa ba. In ya hango shi daga nesa zai tuɓe takalma, in ya iso ya durƙusa, sunansa kuwa ko a bakin wani ya ji sai ya sunkuyar da kai. Bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. Irin wannan mutum ne Janar ya aika wa cewa gwamnati tana buƙatar shanunsa. Ya'u ya ce to. Da ma tun ranar ɗaurin aure ba shi da wata kalma a gaban Baba sai ita.

Aka ɗaura wa shanun faifai a kowane kunne, aka cusa ƙaiƙayi a ƙafar tsohon wando aka rataya musu a goshi a matsayin hancin giwa. Munzali ya tambaya yaya za a yi da ƙaho. Janar ya dube shi da tausayi irin na malami ga ɗalibin da ba ya ja, ya ce haure ne, giwayen can a ka nasu yake fitowa. Shi kuma Ya'u aka naɗa shi Ministan Giwaye, muƙamin da aikinsa shi ne yawo neman harawa a ƙarshen rani da kwashe kashin giwa kafin a fara ɗauka.

Ranar farko Uban Ƙasa ya hau turmi ya yi wa al'umma jawabi.

"'Yan uwana 'yan Tailan. Daga yau Tailan ta 'yan Tailan ce. Abokan gaba sun kewaye mu, kuma mafi sharrinsu suna cikinku. Saboda haka gwamnatina ta haramta cin goro, domin jan baki ba na ƙasa mai ci gaba ba ne. Kowa zai sa malafa. An soke gaisuwar hannu, sai sarawa. Duk wanda ya ji an busa usur zai tsaya cak ya fuskanci tuta, ko da kunama ce a cikin wandonsa. Mun yi haka ne don muna ƙaunarku."

Aka tafa, da yake ƙamshin shinkafa ya fara tasowa daga gindin mangwaro.

A gaskiya an ji daɗin mulkin nan a makonnin farko. Kullum da safe a yi fareti, a tura dakaru bakin iyaka su yaƙi maƙwabta. Da yake babu wanda ya yarda ya fito a maƙwabci, sai a harbi geza da sabarar da ke kan iyakar gona, a dawo da labarin nasara. Geza ba ta taɓa ramawa ba. Abin da ya fara ɗaure wa mutane kai shi ne, ko batirin Munzali ya mutu dokokin ba sa mutuwa. Janar ya fara zuwa kasuwar Laraba da kakinsa. Wani ya taya buhu ya rage, ya ce masa maci amanar ƙasa. A gida ma an ce sai an sara masa kafin ya karɓi kwanon tuwo, ko da yake matarsa Hajiya ta ce ita 'yar ƙasar waje ce, doka ba ta hau kanta ba.

Munzali ya sha tambaya yaushe yaƙin zai ƙare, don ya san inda fim ya dosa. A labarin farko, janar ɗin zai ci yaƙi ya miƙa mulki ga farar hula. Da Uban Ƙasa ya ɗanɗani tsayuwa a kan turmi sai ya sake nazarin wannan wuri, ya gano cewa al'umma ba ta shirya ba tukuna. Duk ranar da aka ce gobe za a ɗauki ƙarshe, sai a wayi gari da rahoton cewa maƙwabta sun sake kawo hari.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ya'u ya fi kowa kallon sama. Bara ya makara da huɗa saboda jinyar mahaifiyarsa, gyaɗar ta yi ganye ba 'ya'ya, rumbunsa yanzu in ya leƙa yana ganin ƙasansa. Irin da ya rage masa na shuka ɗaya ne, ba na biyu. Ya san in ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi bai sa garma ba, to rana za ta shanye danshin, kuma ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai dawo. Ga Murja da tsohon ciki. Ga shanun sun fara ramewa, don gwamnati ta fi kula da faifan kunnensu a kan cikinsu. Tsoro yake ji ƙwarai, irin tsoron magidancin da yake ganin yunwa tana tahowa gidansa a ƙafa, amma bakinsa ba zai iya buɗewa ba.

Ruwan ya sauka wata ranar Litinin da la'asar, mai yawa, har kwalbatin hanyar Kurfi ya cika. Washegari duk Wurma ƙamshin ƙasa take yi, kowace hanya mutane ne da garma da ƙwaryar iri. Ya'u ya je ya durƙusa gaban surukinsa, ya gaishe shi, ya tambayi kwanan iyali, ya yi barka da ruwa. Ya sake yin barka da ruwa. Ya ce ruwan kam ya shiga ƙasa sosai, masu huɗa sun dace. Duk mai hankali ya san abin da yake roƙo. Janar ya kafe shi da ido ta ƙarƙashin malafa, sannan ya sa aka busa usur.

"An kawo mana rahoto cewa wasu suna raɗe-raɗin an yi ruwa. Gwamnati ba ta musanta ba, ba ta kuma tabbatar ba. Abin da muka sani shi ne ƙasa tana cikin yaƙi. Sojan da ya bar fagen fama ya tafi gona, wa zai ba shi ƙasar da zai yi noman a ciki? Babu mai fita daga Tailan sai an ga bayan abokan gaba. Giwaye kuwa dukiyar soja ce."

Rundunar ta yi tsaye cikin taɓo, kowa jikinsa a layi, zuciyarsa a gonarsa. Ba bindigar katako ce ta riƙe su ba. Sun ci shinkafar mutum mako da makonni, kuma dattijo ne, ba wanda yake son a ce shi ya fara watsa masa ƙasa a ido.

Malam Sabitu, wani dattijo a cikin rundunar, shi ne ya buɗe ƙofa, shi ma ba da niyya ba. Tunanin gonarsa ya yi masa yawa, hannunsa ya shiga aljihu da kansa ya ɓallo goro ya jefa a baki, ana tsakiyar taken ƙasa. Nan take aka kafa kotun soja. Janar ne alƙali, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne kuma shaida. Ya so a yanke hukuncin harbi, Munzali ya ce ba shi da kayan haɗa jini. Sai aka sassauta.

"An kore ka daga ƙasar Tailan har abada. Kai da zuriyarka da dabbobinka, duk wanda ya sake taka ƙasar nan ya taka wuta."

Malam Sabitu ya ajiye bindiga, ya sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki, ya taka a hankali har bakin geza. Yana tsallake iyaka ya tattare riga ya zura da gudu irin wanda ba a taɓa ganin mai furfura ya yi ba. Rundunar ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan aka fara duban juna.

Kafin azahar cin amanar ƙasa ya zama annoba. Wannan ya cire malafa ya yi fifita da ita. Wancan ya miƙa wa Uban Ƙasa hannu ya ce ina kwana. Rilwanu, wanda yake Babban Hafsan Sojojin Ruwa, ya tsaya gaban tuta ya yabi maƙwabta, ya ce shi bai ga laifin geza ba. Goro ɗaya aka raba shi tsakanin mutum shida. Janar kuwa bai taɓa jin daɗin mulki irin na ranar ba. Yana kora yana huci, yana juyowa ga Munzali yana tambaya ko ya ɗauki yadda ya nuna yatsa. Ya ce da ma ya san ƙasar cike take da munafukai, yau Allah ya tona su.

Ya'u yana tsaye riƙe da igiyar giwaye, yana ganin hanya a buɗe, amma ba tasa ba ce. Goro a gaban Baba? Ya miƙa wa Baba hannu? Ya kai yatsunsa bakin malafarsa ya fi a ƙirga, su dawo da kansu. Rana tana ta yin sama, yana kallon saman ƙasa yana canja launi daga baƙi zuwa ja. Idonsa ya ciko, ya juya ya gyara wa Fari faifai don kada a gani.

Da al'ummar Tailan ta ragu ta koma mutum ɗaya, Janar ya sauko daga turmi ya dafa kafaɗar Ya'u. Ya ce tarihi zai tuna da wannan bawan Allah. Ya ciro murfin kwalba ɗaya daga ƙirjinsa ya maƙala masa, ya ƙara masa girma zuwa Mataimakin Uban Ƙasa, wanda ba zai rabu da shugaba ba har ƙarshen yaƙi. Ya'u ya ce to. A ransa kuwa ya riga ya yi wa gyaɗarsa ta'aziyya.

Sai Janar ya ce a shimfiɗa tabarma, za a ɗauki liyafar nasara. Shugaba da mataimakinsa za su ci abinci a kwano ɗaya, duniya ta ga haɗin kan gwamnati. Aka ajiye shinkafa da wake, mai da yaji, tana tururi. Janar ya naɗe hannun kaki ya yi bisimilla, ya ce Mataimaki ya sa hannu.

Ya'u ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa, bai motsa ba. Janar ya maimaita. Ya ce oda ce. Ya'u ya ba da shanunsa, ya ba da lokacinsa, yana shirin ba da damina guda, duk da kalmar to. Amma a ce ya kai loma baki, ya tauna, ya haɗiye, uban matarsa yana kallon maƙogwaronsa, wannan kam ko sojan gaske ne ya ɗora masa bindiga a ka sai dai ya harba.

"Baba, a yi mini aikin gafara," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Ni dai ba ni iyawa."

Kowane mutumin Kurfi ya san abin da ya hana shi, Alhaji Sodangi ma ya sani, don shi ma ya taɓa zama surukin wani. Amma Alhaji Sodangi ya daɗe ba ya nan, Janar ne a kan tabarma. Ya janye hannunsa daga kwano a hankali, ya shinshina yatsunsa, ya dubi kamara.

"Ashe guba ce. Na kusa da kai shi ne mai kashe ka. An kore ka daga ƙasar Tailan har abada, kai da zuriyarka da dabbobinka. Amma giwaye na soja ne, a nan za su zauna."

Ya ƙwace igiyar. Ya'u ya ɗauki takalmansa a hannu ya kama hanya, an sake shi amma an riƙe abin da zai yi noman da shi. Bai waiwaya ba. Sai dai Fari da Ɗan Ja ba su san an yi musu canjin ma'aikata ba. Tun suna maruƙa mutumin nan suke bi, wurinsa dusa take, wurinsa ruwa yake. Da suka ga bayansa yana nisa sai suka ɗaga kai suka bi shi. Janar ya turje, ya ba su oda su tsaya, ya busa usur. Suka ja shi ta kan tabarma, ta kan kwanon liyafa, ta cikin taɓo, murafun kwalba suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ga ƙayar bakin iyaka ta tunkaro fuskarsa sannan ya saki igiya. Yana zaune a ƙasa ya ɗaga yatsa ya sanar cewa bincike ya nuna giwayen ma suna cikin makircin, su ma an kore su har abada. Munzali ya ɗauki wannan, ya naɗe kayansa, ya ce yana da biki a Dutsin-Ma.

Ya'u bai tsaya cire musu faifai ba. Ya ɗora karkiya, ya sa garma, ya yi huɗa har duhu ya hana shi ganin layi, ya dawo da asuba. Danshin ya ishe shi gefen kwari da tsakiyar gona. Gefen tudu ya riga ya bushe, garma tana taɓawa tana tsalle, dole ya bar shi. Wannan yanki shi ne harajin da ya biya gwamnatin Tailan, kuma ya san gidansa zai ji shi kafin wata kaka.

Da aka sake yin ruwa, sai ga Janar a ƙofar gidan Ya'u a kan babur ɗin haya, da farar riga amma da malafa. Ashe ya tuna cewa ƙasar Tailan gona ce, kuma kowace shekara surukinsa ne yake yi masa huɗarta. Ya'u ya tuɓe takalma ya durƙusa, bakinsa ya fara haɗa kalmar da ya saba. Murja ce ta riga shi. Ta fito da kwanon ruwa, tana tafiya da ƙyar, ta ajiye gaban mahaifinta ta gaishe shi.

"Yo Baba, ai ba shi da halin zuwa. Gaban mutane anka kore shi, shi da shanun, har da wannan da ke cikina. In dai kana so ya shiga, sai ka tara waɗanda sunka ji korar, ka ce masu wasa ne kake yi."

Janar ya dubi 'yarsa, ya dubi shanun da ke tuƙa a turke, ya dubi sama inda wani hadarin yake haɗuwa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da hatsin shekara, kuma mai babur ma ya kashe inji yana jira ya ji ta. Uban Ƙasa ya gyara malafa, ya ce gwamnatin soja ba ta janye doka, amma za ta kafa kwamiti ya duba.

Kwamitin bai zauna ba har yau. In ka bi hanyar Wurma da damina za ka ga gonaki kore shar hagu da dama, sai guda ɗaya a tsakiya da ciyawa ta kai ƙugu. Matan Fulani suna kai awaki can, kuma in ka tambaye su ina za su, sai su ce Tailan.